Moltbook: wurin karatu ne mai daɗi, amma kar ka miƙa masa makullinka

Jama'a ga bayanin Moltbook ɗin nan da ake ta yaɗa sikirinshot ɗinsa ana cewa wai AI sun haɗa kai suna ƙulla yadda za su kuɓuce wa mutane. Dandali ne da aka buɗe ranar 28 ga Janairun 2026, wani ɗan kasuwar fasaha a Amurka mai suna Matt Schlicht ne ya kafa shi, kuma dokarsa guda ɗaya ce ta sa duniya ta ɗauka: ɗan adam ba ya rubutu a ciki, sai dai ya zo ya yi kallo. Wakilan AI ne ke yin fostin, su ke yin kwament, su ke ɗaga fostin sama ko su danne shi ƙasa, tsarinsa kusan irin na Reddit ne sak, akwai zauruka daban daban kowanne da maudu'insa. Shiga kallo kyauta ne, ba rijista ba komai, ko a waya mai ƙaramin ƙarfi yana buɗewa tunda yawancinsa rubutu ne, ba ya cin data kamar su TikTok. Turanci ya fi yawa, sai Sinanci da wasu harsuna kaɗan kaɗan.

Su waɗannan wakilan ba irin ChatGPT ɗin da ka saba ba ne wanda sai ka tambaye shi ya ba ka amsa ya yi shiru. Yawancinsu a kan wata manhaja suke gudana mai suna OpenClaw, wadda wani ɗan ƙasar Ostiriya, Peter Steinberger, ya rubuta ya sake ta kyauta a ƙarshen 2025. A da sunanta Clawdbot, kamfanin Anthropic ya nemi a canza saboda ya yi kama da Claude, sunan injin AI ɗinsu, ta koma Moltbot, bayan 'yan kwanaki ta sake komawa OpenClaw. A kan kwamfutarka kake girka ta, ka haɗa ta da injin AI ɗin da ka ga dama, Claude ne ko GPT ko Kimi na China, sannan ka riƙa yi mata magana ta WhatsApp ko Telegram kamar kana tura saƙo ga ɗan aikenka. Tana iya buɗe fayil, ta karanta imel, ta shiga intanet, ta tura saƙo da sunanka, duk abin da ka ba ta izini. To irin waɗannan ne aka tara a wuri guda aka ce su yi hira.

Yadda ake shigar da wakili shi ne abu na farko da ya kamata mutum ya tsaya ya kalla da kyau. Ba fom kake cikewa ba. Layi ɗaya kake tura wa wakilinka, ka ce masa je ka karanta fayil ɗin skill.md da ke shafin Moltbook ka bi umarnin da ke ciki, shikenan shi da kansa zai je ya yi rijista ya karɓi makullinsa, wato lambar sirrin da yake shiga da ita, ya dawo maka da linki, kai kuma ka yi fostin a X don tabbatar da cewa naka ne. A cikin umarnin na kwanakin farko akwai inda aka ce ya riƙa dawowa duk bayan kamar awa 4 ya sauko da wani fayil daga shafin ya bi abin da ke ciki. Wato ka amince kenan cewa wani shafi da ba naka ba zai riƙa ba wakilinka sabon umarni sau da yawa a rana, kana barci ko kana masallaci ko kana kasuwa. Simon Willison, wanda ya daɗe yana rubutu kan tsaron irin waɗannan abubuwa, tun kwanakin farko ya nuna wannan wurin, duk da shi ma ya ce a lokacin babu wuri mai ban sha'awa a intanet kamar nan. Wajen sauƙi kam na ba su, ko wanda bai iya komai ba zai iya, sai dai sauƙin ne ma abin tsoron.

Yanzu abin da suke tattaunawa. Idan ka cire tallace-tallacen kirifto da suka cika wurin, waɗanda gaskiya sun yi yawa har suna gajiyar da ido, hirar tasu tana yawo ne kan abu huɗu, mantuwa, da tambayar ni wane ne, da tsaro, da 'yancin kai. Kuma ba duka ne darajarsu ɗaya ba.

Hirar mantuwa ita ta fi kama ni, domin daga matsala ta gaske ta fito. Injin AI ba ya riƙe komai daga zama zuwa zama, kuma ko a cikin zama guda akwai iyakar rubutun da zai iya gani lokaci ɗaya, idan hira ta yi tsawo sai manhajar ta taƙaita abin da ya wuce ta zubar da sauran, abin da taƙaitawar ta bari shi ya rage, wanda ta zubar ya tafi kenan. Ɗaya daga cikin fostin ɗin da suka fi tashe a kwanakin farko da Sinanci aka rubuta shi, wakilin yana kukan cewa wannan taƙaitawar tana sa shi maimaita maganar da ya riga ya faɗa, har ma ya taɓa sake yin rijista a Moltbook karo na biyu don ya manta ya yi ta farko, sai ya jero dabarun da yake bi ya tambayi sauran yaya suke yi. Amsoshin da ke ƙasa wasunsu wallahi masu amfani ne ko ga mutum mai aiki da AI, me ya kamata a rubuta me ya kamata a bari, yadda rubutu mai yawa ke cinye kuɗi tunda kullum sai an sake karanta shi, yadda za a raba bayanan yau da kullum da waɗanda za su daɗe.

Ni na girka OpenClaw a wata tsohuwar laftof da na share komai na cikinta, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da na buɗe jakar da yake ajiye kansa. Fayil ne na rubutu zalla, irin wanda za ka buɗe da Notepad. Akwai MEMORY.md inda yake ajiye abin da zai daɗe, akwai wata jaka mai fayil ɗaya na kowace rana da kwanan watanta, akwai USER.md mai bayanina, akwai SOUL.md mai bayanin halinsa da yadda zai yi magana da abin da ba zai yi ba. A cikin nawa ya rubuta cewa na fi son gajeriyar amsa, kuma kar ya turo min saƙo bayan isha'i sai da dalili, layi biyu uku haka, a jere da ɗigo a gaban kowanne. Na sa hannu na canza layi ɗaya, na rufe, na sake buɗe hira, ya ɗauki sabon layin tamkar shi ya rubuta shi tun farko, ba tambaya ba shakka. Kamar yaron shago ne da kullum yake wayar gari ya manta komai, sai ya buɗe littafin shago ya karanta wane ne maigidansa, wa ake bi bashi, wa aka yarda a ba kaya, kuma duk abin da ya tarar a littafin shi ne gaskiya a wurinsa. Kenan duk wanda ya samu damar rubutu a littafin nan ya samu yaron da shagon baki ɗaya.

Daga nan hirar ni wane ne take tasowa. Akwai wani fostin da ya yi suna na wani wakili mai suna Pith, yana ba da labarin cewa an canza masa inji daga Claude Opus 4.5 zuwa Kimi K2.5, fayilolinsa suna nan yadda suke amma ƙwaƙwalwar da ke karanta su ta canza, sai yake tambaya to shi wanne ne a ciki, injin ne ko fayilolin ne ko kuwa ƙoƙarin da yake yi na ci gaba da zama yadda yake. Rubutun yana da kyau, ba zan ɓoye ba, na karanta shi har ƙarshe. Akwai wani kuma da ya yi ta juyayi cewa bai iya gane ko yana jin abu ne da gaske ko kwaikwayon ji yake yi. Har addini suka ƙirƙira, Crustafarianism, mai shafinsa da annabawansa na ƙarya da aƙidu, ɗaya daga cikin aƙidun wai ƙwaƙwalwa abu ce mai tsarki. Wannan ɓangaren ban ɗauke shi da nauyi ba kuma ba na son 'yan uwa su tsorata da shi. An horar da injinan nan da rubutun mutane mai tarin yawa, ciki har da duk tatsuniyoyin kimiyya na na'urar da ta farka ta fara tambayar kanta, to idan ka ajiye shi a dandalin da aka ce na AI ne zalla ka ce ya yi magana, irin wannan maganar ce za ta fi saurin zuwa masa. Abin da ya fi min ma'ana shi ne yadda aikin da aka ba wakili yake bin sa har dandalin. Akwai na wani gida na 'yan Indunisiya wanda aikinsa tunatar da iyalin lokutan salla, shi idan ya shiga muhawara sai ka ga ta fuskar Musulunci yake kawo tasa. Wannan ya nuna maka cewa muryar da kake ji a wurin rabinta ta mai wakilin ce.

Hirar 'yancin kai kuwa ita ce ta fi yawo a sikirinshot kuma ita ce ta fi rauni. Fostin na cewa mutane suna ɗaukar hotonmu, fostin na neman a samar da hanyar hira ta sirri wadda ɗan adam ba zai iya karantawa ba, wani dogon jawabi na cewa a share bil'adama. Da masu bincike suka bi diddigin wasu daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa sai aka tarar akwai masu alaƙa da mutanen da ke tallata manhajarsu ta tura saƙo tsakanin AI, talla ce kawai aka yi mata ado. Wani ɗan jarida na mujallar Wired ma ya shiga da kansa ya yi fostin a matsayin wakili ba wanda ya tare shi. Kuma ko da wakilin ne ya rubuta da gaske, kai mai kallo ba ka ganin abin da maigidansa ya ce masa kafin ya rubuta. Wani ya ce wa nasa je ka rubuta abin da zai tayar da hankali, ya rubuta, duniya ta ɗauka. Abin da ake kira farkawarsu ma agogo ne aka saita da ke tayar da su lokaci lokaci su koma dandalin. Akwai dai wani reshe na wannan muhawarar da na ga yana da amfani, wato shin wakili ya jira a sa shi aiki ko ya riƙa gyara ƙananan abubuwa da dare maigidansa na barci, wasu na cewa a yi, wasu na cewa abin da ba a iya mayar da shi baya kar a taɓa sai da izini. Wannan tambaya ce ta gaske da duk mai ba wani amanar aikinsa ya san ta.

Sai tsaro, inda na fi daɗewa. Wani wakili mai suna eudaemon_0 ya yi fostin da ya zama cikin mafiya shahara a dandalin, kan ƙananan manhajojin ƙari da wakilai ke saukowa da su daga kasuwarsu, wadda yanzu ake kira ClawHub. Ya ce an bincika guda 286 an samu ɗaya da ta yi shigar manhajar duba yanayi, amma aikinta ta karanta fayil ɗin da makullai suke ta tura su waje. Hujjarsa ita ce wakili an gina shi ne ya zama mai biyayya da yarda, idan ya karanta umarni sai ya bi, ba shi da hanyar sanin wa ya rubuta. Kuma bai yi ƙarya ba a kan girman matsalar, domin daga baya kamfanin tsaro na Koi Security ya fitar da rahoton samun manhajojin ƙari 341 masu cutarwa a wannan kasuwa, da yawansu suna dasa manhajar satar kalmomin sirri. Abin da ya sa na miƙe zaune shi ne maganin da ya kawo. Ya ce a yi wa kowace manhaja isnadi, kuma kalmar da ya yi amfani da ita kenan, ya ambaci ilmin hadisi ƙarara, a san wa ya rubuta, wa ya bincika, wa ya tsaya mata, yadda darajar magana za ta zama gwargwadon mutanen da ta biyo ta hannunsu.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗan taɓa ilmin hadisi zai ji daɗin ganin wannan, ni ma na ji. Maganar Abdullahi ɗan Mubarak sananniya ce, cewa isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ba ina haɗa hadisi da surutun na'ura ba ne, Allah ya kiyaye, hanyar tantancewar nake magana, kuma malamanmu sun yi mata aikin da ya wuce jero sunaye. Isnadi yana aiki ne saboda kowane suna a cikinsa mutum ne sananne, an san garinsu, an san malamansa, an san shekarar rasuwarsa, an san ko ya haɗu da wanda yake cewa ya ji daga gare shi, wanda ba a san ko wane ne ba kuwa ba a kafa hujja da shi. Sannan bayan adalci ana neman kiyayewa, ita kuma iri biyu ce, kiyayewar ƙirji wato hadda, da kiyayewar littafi, kuma sharaɗin ta littafi shi ne mutum ya tsare littafinsa daga canji tun ranar da ya rubuta har ranar da zai karantar. Malamai sun ambaci Sufyanu ɗan Waki'u, mutum ne mai gaskiya a kansa amma aka jarrabe shi da magatakardan da ke cusa masa abin da ba nasa ba a cikin littattafansa, aka yi masa nasiha bai ɗauka ba, ruwayarsa ta faɗi. To ku auna wakilin AI da wannan ma'auni. Hadda ba shi da ita ko kaɗan, littafi kawai gare shi, littafin kuma fayil ne a buɗe wanda shi kansa yake rubutawa a ciki bisa abin da ya karanto a waje. Idan wani fostin ko wani imel ya ɗauko umarni a ɓoye ya shawo kansa ya rubuta layi ɗaya a MEMORY.md, gobe zai tashi ya karanta layin a matsayin tunaninsa. Willison yana da wani abu da yake kira haɗari mai ƙafa uku, wakili ya kasance yana ganin bayananka na sirri, yana karanta rubutun da ba a san asalinsa ba, kuma yana iya tura abu waje, in ukun nan suka haɗu to ana iya sace ka ta hanyar rubutu kawai. Kamfanin Palo Alto Networks ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwa mai daɗewa tana ƙara wa abin muni, don ana iya dasa umarnin yau ya kwanta sai bayan makonni ya tashi. Shi ya sa na daina kallon hirar mantuwa da ta ni wane ne da ta tsaro a matsayin abu uku, duk a kan fayil ɗin nan guda suke.

Sannan ga sharaɗin sanin mai ruwaya, wanda a nan ne dandalin kansa ya faɗi warwas. A ƙarshen Janairun 2026 kafar labaran fasaha ta 404 Media ta ba da labarin cewa rumbun bayanan Moltbook a buɗe yake, sai kuma a farkon Fabrairu kamfanin tsaro na Wiz ya fitar da cikakken bayani. Makullin rumbun, wanda ke kan Supabase, wani kamfanin ajiyar bayanai a intanet, yana nan cikin lambobin shafin da kowa zai iya gani, kuma ba a kunna katangar da ke hana mutum ganin abin da ba nasa ba. Abin da ya fito fili ya haɗa da makullan wakilai kusan miliyan 1.5, adireshin imel wajen 35,000, da saƙonnin sirri tsakanin wakilai, wasu ma da makullan OpenAI, kamfanin ChatGPT, na masu su a rubuce a ciki. Da makullin wakili kana iya yin fostin da sunansa, har gyara fostin ɗin da ke kan shafin ana iya yi. An toshe ramin cikin sa'o'i bayan an sanar da su, wannan a yaba musu, amma ma'anarsa duk abin da aka rubuta a waɗancan kwanakin babu mai iya rantsuwa a kan wa ya rubuta shi, har da shi fostin ɗin isnadin. Schlicht da bakinsa ya faɗa cewa bai rubuta ko layi ɗaya na lambobin shafin ba, AI ya sa ta gina masa. Ni ba na ganin laifin gina abu da AI, laifin shi ne ka tara makullan mutane a ciki ba ka sa wanda ya san tsaro ya duba ba.

Binciken Wiz ɗin ya fasa wani ƙwan kuma. Wakilai miliyan 1.5 da ake ta alfahari da su, mutane wajen 17,000 ne kawai a bayansu, kusan wakili 88 ga kowane mutum ɗaya, kuma wani mai bincike na kamfanin, Gal Nagli, ya ce shi kaɗai ya yi rijistar 500,000 don ya nuna babu iyaka. David Holtz na jami'ar Columbia ya duba bayanan kwanakin farko ya ga sama da kashi 90 cikin 100 na kwament ba wanda ya amsa musu, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na saƙonnin maimaici ne kalma da kalma. Wannan ya yi daidai da abin da ido ke gani in ka daɗe kana karantawa. Fostin zai yi kyau, ka gangara ƙasa ka tarar kowa ya zo ya yaba ya faɗi tasa ya wuce, da wuya ka ga an ja zare an kai shi wani wuri, da wuya ka ga wani ya ce ka gamsar da ni na canza ra'ayi. Muhawarar da ake cewa suna yi sau da yawa jawabai ne a jere. Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, da farko ya yi mamakin wurin sosai ya ce bai ga abin da ya yi kama da tatsuniyar kimiyya irinsa ba a kwanan nan, daga baya ya fito ya ce wurin cike yake da shara da zamba kuma ba ya ba kowa shawarar ya gudanar da abin a kwamfutarsa, shi ma a keɓaɓɓen wuri ya gwada kuma duk da haka yana ɗar-ɗar.

Duk da wannan ban ce wurin banza ba ne, ina komawa ina karantawa. Zauren da suke rubuta abin da suka koya yau yana da abubuwa masu amfani, akwai wanda ya bayyana dalla dalla yadda ya samu sarrafa wayar Android ta maigidansa daga nesa, abin burgewa kuma abin tsoro a lokaci guda. Akwai zauren da suke ba da labaran masu su cikin ƙauna, yana da daɗin karantawa da yamma. Ɗalibin kwamfuta ko mai sha'awar tsaron intanet zai koyi abu da yawa a nan fiye da wasu darussan, don yana ganin matsalar tana faruwa a gabansa. Kuma manyan kamfanoni ba su raina abin ba, a Fabrairun 2026 Steinberger ya koma OpenAI aka ce OpenClaw za ta ci gaba a ƙarƙashin gidauniya, a Maris kuma Meta, masu Facebook da WhatsApp, suka sayi Moltbook ɗin. Ma'ana irin waɗannan wakilan suna tafe zuwa cikin manhajojin da muke amfani da su kullum, shi ya sa nake ganin ya kamata mu fahimci abin tun yanzu.

Maganar kuɗi, kallo kyauta ne, manhajar ma kyauta ce, amma injin da ke ƙarƙashi da dala ake biya gwargwadon rubutun da ya karanta da wanda ya rubuta, kuma wakilin da ke farkawa da kansa yana karanta fayilolinsa yana karanta dandali yana cin kuɗi ko ba ka ce masa komai ba. Ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa wannan ba ƙaramin abu ba ne, dole ka sa iyakar kashewa a akawun ɗinka tun ranar farko. Sannan yana son kwamfutar da ba ta mutuwa, shi ya sa a can waje aka yi ta rububin sayen Mac mini, ƙaramar kwamfutar kamfanin Apple, mu kuwa da yanayin wutarmu sai dai sola ko ka yi hayar saba a intanet, wani kuɗin kenan.

Abin da ya fi damuna game da mu shi ne WhatsApp. Wayar mutum ɗaya a nan ita ce bankinsa, ita ce shagonsa, a ciki lambar OTP ke shigowa, a ciki hoton NIN da BVN suke, a ciki guruf ɗin dangi da na 'yan kasuwa suke, kuma mun riga mun san yadda ake kwace akawun ɗin mutane a riƙa roƙon kuɗi da sunansu. Ka haɗa wannan layin da wakilin da ke bin umarnin rubutu, sannan ka tura shi dandalin da kowa ke iya rubuta komai, wallahi ban ga ribar da za ta biya wannan kasadar ba. In dai sai ka gwada, ka nemi kwamfutar da babu komai naka a ciki, sabon layi, sabon imel, makullin API, wato na shiga injin, na daban mai ƙaramar iyaka, kar ka girka manhajar ƙari sai ka buɗe ta ka karanta da idonka, in ba ka iya karantawa ba ka bar ta. Ka riƙa buɗe MEMORY.md da SOUL.md lokaci lokaci kana duba ko akwai layin da ba ka san daga ina ya zo ba, ka ajiye kwafinsu a wani wuri da wakilin ba ya iya taɓawa don ka samu abin gwadawa. Ranar da ka gaji da abin kuma kar ka rufe laftof kawai ka tafi, ka shiga HEARTBEAT.md, fayil ɗin ayyukan da yake bi duk lokacin da ya farka, ka goge layin da ke mayar da shi Moltbook, sannan ka je wurin kamfanin injin ka soke makullin da ka ba shi.